Hatimina Ne a Kan Rasit, Rubutun Ba Nawa Ba Ne

Kawu mai wannan fili, ina neman taimako. Roƙona ɗaya, ka karanta har ƙarshe kafin ka zage ni, domin zagin da za ka yi a tsakiya bai kai wanda na cancanta ba.

Bari in fara da yabon mutanen da nake ci a ƙarƙashinsu. A duk masu sana'a ban ga mai tausayin talaka kamar bakaniken gareji ba. Mutum ne da zai kwanta a ƙarƙashin motarka awa biyu, baƙin mai na ɗiga masa a ido, ya fito ya ce kuɗin aikinsa dubu uku. Ka ce dubu biyu, ya ce kawo, ai an zama ɗaya. Wani ma cewa zai yi bar kuɗin aikin, biya na kaya kawai. Ka ja motarka kana sa masa albarka har gida. Ba ka taɓa tambayar kanka yadda mai karɓar dubu biyu ya yi ginin bene ba. Ni na sani, don a shagona ake haƙa harsashin.

Shekarata goma sha tara ina sayar da kayan birki: takalmin birki, faifai, tiyo, mai. Na yi sakandare, amma lissafi ne kaɗai ya biyo ni kasuwa. Takalmin birki iri uku muke ajiyewa. Lamba ɗaya na kamfani ne, ina ba bakanike a dubu ashirin da biyu. Lamba biyu dubu goma sha uku, yana kuka da safe amma yana tsayar da mota. Lamba uku dubu shida, shi kuwa gam ne da addu'a. In aka jera maka su a kan tebur, in ba ɗan hannu ba ne kai, ba za ka bambance su ba. Duk baƙin abu ne manne a jikin ƙarfe.

Bakanike yakan saya a farashin 'yan hannu ya ɗora kamar kashi ɗaya cikin uku. Wannan ban taɓa jin kunyarsa ba. Shi ya hau babur ya zo, shi ya san wanda zai shiga motar, in kuma aiki ya dawo shi zai sake kwanciya a ƙasa kyauta. Sai dai abin ba ya tsayawa nan. Akwai ƙarin da agogon hannunka ke jawowa, akwai na wayarka. In mace ce ta zo ita kaɗai tana tambayar ko abin mai tsanani ne, to ya zama mai tsanani. In direban gidan wani ne, sai a ja shi gefe a tambaye shi nawa za a rubuta.

Kalmar nan rubutawa ita ce ta kawo ni wurinka. Masu mota sun yi wayo, yanzu kowa cewa yake a kawo masa rasit ɗin shago. Sai mu ma muka yi namu wayon. Duk bakaniken da ke sayayya sosai a wurinka, sai ka ba shi littafin rasit guda, ka buga hatimin shago a kowane shafi, ka bar wurin kaya da farashi fari fat. Farin rasit muke ce masa. Wanda bai bayar ba, gareji ba ya zuwa ƙofarsa. In mai mota ya ce sai ya ga kwalin, akwai kwalin lamba ɗaya a kan kanta a kowane gareji, wanda ya fi fentin garejin daɗewa. Mutum arba'in an nuna musu shi, kowa ya juya shi ya gyaɗa kai kamar ya karanta.

Babban mai sayayyata yayan matata ne, wanda kowa ke kira Injiniya. Shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, shi ya aurar mini da ita, shi ya cika mini kantata ta farko, kuma shi ya riƙa jawo abokan sana'arsa zuwa shagona ɗaya bayan ɗaya. In na ce ba shi ne silar arziƙina ba na yi butulci.

A layin gidanmu kuma akwai wani direba da ake kira Sannu-Sannu. Yana jan ƙaramar bas ta wata Malama, tsohuwar shugabar makaranta, da ta saya da kuɗin sallamarta. Fasinja suka sa masa sunan, don sukan ce ka hau motarsa da ɗanyen kaya ka sauka sun nuna. Shi dariya yake yi, ya ce bai taɓa kai kowa asibiti ba.

Wata huɗu da suka wuce ya ji birkinsa ya fara gurza, ya gaya wa Malama, ta ƙirgo masa kuɗi ta ce a sa mafi kyau. Ya kai motar garejin Injiniya. Da hantsi sai ga Injiniya a shagona da kansa, ya ce in ba shi lamba uku na irin bas ɗin. Na tambaye shi ta wa, ya faɗa mini. Na ce Yaya, motar nan fa hanyar gangara take bi, kuma da lodi take saukowa, lamba uku na ƙananan motocin cikin gari ne. Ya ce wannan mutumin ko ƙafarsa ya zuro waje zai tsayar da mota. Kawu, na yi dariya. Har da buga kanta. Na miƙa masa, ya miƙo dubu shida. A gareji ya yagi shafi ɗaya ya rubuta lamba ɗaya, dubu talatin.

Abin da mu biyun muka sani sarai, amma muka ƙi haɗawa a ranar, shi ne mai tuƙi a hankali ya fi kowa cin birki a gangara. Mai gudu yakan taka sau biyu ko uku ya saki. Sannu-Sannu kuwa ƙafarsa na kan birki tun daga sama har ƙasa, don kada fasinja su tsorata. Ƙarfe ya yi ta ɗaukar zafi, gam ya yi ta sakewa. Kwana ashirin da uku ya yi. Ranar na ashirin da huɗu, a kwanar ƙarshe, baƙin ya saluɓe daga jikin ƙarfen, ya taka ya ji wayam. Ya kauce wa motar da ke gabansa ya ba bangon gada gefen da yake zaune. Mutum goma sha ɗaya sun fita da raunuka. Wata mai sayar da yadi da ke bayansa ba ta kai asibiti ba, ta bar 'ya'ya huɗu. Shi kuma an yanke masa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa.

Jami'in duba motoci ya kwance taya ya ɗaga abin da ya rage, ya ce wannan na araha ne. Malama ta fito da rasit daga jakarta, ga hatimina shuɗi a kai, ga lamba ɗaya a rubuce. Ƙungiyar direbobi ta kira Injiniya, ya rantse cewa direban ne ya zo da kayan a leda tare da rasit ɗinsa, shi ɗaurawa kawai ya yi. Kowa ya yarda, domin kowa ya san direbobi na yin haka. Malama, wadda ta riƙe mutumin nan kamar ɗanta shekara shida, ko asibiti ba ta sake takawa ba. Yanzu an sa zama a ƙarshen wata, an ce mai shago ya zo ya faɗi wanda ya sayi kayan. In ta tabbata direban ne, ƙungiya za ta cire hannunta ta miƙa shi ga 'yan sanda, dangin marigayiyar kuma suna jira.

Makon jiya Injiniya ya zo gidana, ya zauna a kujerar da nake zama, ya ci abinci ya ƙoshi, ya ɗauki 'yar autata yana mata wasa. Sannan ya ce abin ba wuya: in ce direban ne ya zo ya sayi lamba uku ya roƙi farin rasit. Ya ce wanda ba shi da ƙafa dama ya gama tuƙi, me zai ƙara rasawa, shi kuwa yana da gareji da baki goma sha huɗu da ke ci a hannunsa. Ya ce bai taɓa roƙona komai ba. Gaskiya ce, bai taɓa ba. Matata kuwa, tun ranar in ta ajiye mini abinci sai ta tsaya a kaina kamar mai jiran sakamakon asibiti. Shugaban layinmu na kasuwa ma ya ratso ta shagona, ya tambayi lafiyar iyali sau uku, ya ce maganar rasit magana ce ta cikin gida, yana fata na gane. Na gane. In ta fito, ba garejin da zai sake sayen ko ƙusa ɗaya a wurina, kuma maƙwabtana na kasuwa ba za su yafe ba.

Duk wannan da sauƙi a kan abu ɗaya. An sallamo Sannu-Sannu, yana zama a kan benci a ƙofar gidansa, sandunansa jingine da bango, ƙafar wandon a naɗe da fil. Matarsa ta daina zuwa famfo sai in ba kowa, don abin da ake faɗa a bayanta. Shekaranjiya na zo wucewa ya kira ni, maƙwabci, maƙwabci. Ya ce da ya ji ni za a kira shaida sai hankalinsa ya kwanta, don na san bai taɓa taka shagona da maganar birki ba. Har ya yi mini ba'a, wai in sa kaya masu kyau ranar, kada a ce shaidarsa ma lamba uku ne. Yanzu ta bayan layi nake zagayawa, ta kan kwata.

Na samo wata hanya ta uku, ita nake so ka auna mini. In je in ce mutane da yawa ke shigowa shagona, wata huɗu ba kwana huɗu ba ne, ban tuna ba. Ban yi wa kowa ƙazafi ba, ban tona surukina ba. Ai mantuwa ba ƙarya ba ce, ko? Kuma ni ban ɗaura ba, ban rubuta ba, har gargaɗi na yi. Ka faɗa mini ina laifina ya fara, ina ya tsaya, da abin da zan ce ranar. Kada ka ce in bi zuciyata, ita ce ta kai ni nan.

Naka,
Mai Shagon Kayan Birki

*

Ɗana mai shago,

Ba zan zage ka ba, ka riga ka yi wa kanka wanda ya fi nawa. Amma ba zan sayi abin da ka kawo mini ba.

Mu fara da abin da ba laifi. Ribar da bakanike ke ɗorawa a kan kaya halal ce, ko a fili aka yi ta ba mai cewa komai. Kuma mu masu mota muna da namu kason. Ni kaina na sha tsayawa ina ja-in-ja a kan dubu ɗaya da mutumin da ya ɓata rabin yininsa a ƙarƙashin motata, sannan na biya kuɗin kaya ban ce ƙala ba. Mu muka koya musu cewa gumi ba shi da daraja sai an ɓoye shi a cikin kwali. To amma tsada daban, ƙarya daban. Da surukinka ya ɗaura lamba ɗaya ya rubuta dubu arba'in, da Malama ce kawai aka cuta, kuma da mai yadi na shagonta yau. Abin da ya sauya ba farashi ba ne, kayan ne. Hatiminka kuma shi ya ba ƙaryar fuskar gaskiya. Wanda ya buga hatimi a farar takarda ya sa hannu a kan duk abin da za a rubuta, ko yana wurin ko ba ya nan. Nan laifinka ya fara. Gargaɗin da ka yi ba ya rage shi, nunawa yake ka sani.

Surukinka ba dodo ba ne. Bai tashi da niyyar kashe kowa ba, kwaɗayi ne da sakaci, kuma alherin da ya yi maka na gaske ne, kada ka bari kowa ya ce maka ba komai ba ne. Sai dai abin da ya yi da farko ganganci ne, wanda yake nema yanzu kuwa da ido buɗe ne. Ya ce direban ba shi da sauran abin rasawa. Yana da shi. Sunansa ne kaɗai abin da ya fito da shi daga motar nan lafiya, da shi 'ya'yansa za su yi aure, da shi wani zai ba shi ko da tsaron shago. Shi ake so ka miƙa.

Hanyarka ta uku ba hanya ba ce. A zaman nan akwai rantsuwar mai gareji a gefe guda, akwai maganar wanda ake zargi a ɗaya gefen, kai ne kaɗai ma'aunin. In ka ce ba ka tuna ba, rantsuwar ta tsaya, a tafi da shi. Sakamakonta ɗaya da ƙaryar da aka roƙe ka, bambancin kawai ita wannan za ta bar ka ka riƙa ce wa kanka ba ka faɗa ba. Mutumin da ya tuna kwana ashirin da uku, ya tuna da hantsi ne, ya tuna ya buga kanta, ba mantuwa ke damunsa ba.

Tunda kai ɗan kasuwa ne, ga lissafi ma. Rubutun da ke kan rasit ɗin na hannun wani ne. Shafin da ke gabansa da na bayansa suna aljihun wasu masu mota, da rubutu iri ɗaya, daga gareji ɗaya. Ranar da maganar ta je gaban lauyan da ya san aikinsa, awa ɗaya ta ishe shi. A lokacin ba mai bayar da farin rasit kawai za a kira ka ba, mai shaidar zur za a kira ka.

Ga abin da nake ba ka shawara. Kafin komai ka nemi lauya, ka ba shi labarin kamar yadda ka ba ni, har da dariyar, ya gaya maka abin da ke kanka, domin akwai. Sannan ka zauna da matarka, kai da ita, ka faɗa mata abin da ya faru a shago ranar. Ina zaton rabin labarin kawai ta sani, rabin da yayanta ya ba ta. Kada ka ce ta zaɓa tsakaninku, ba ita ta haɗa wannan ba. Daga nan ka ɗauki wani babba a danginsu da Injiniya ke jin nauyinsa, ku je ku same shi. Ka gaya masa ba zagaye cewa ranar zama gaskiya za ka faɗa, kuma ka zo ne don ya riga ka. Wanda ya je da ƙafarsa ya ce na yi kuskure, na tsorata na yi ƙarya, ana iya zama da shi a yi maganar sulhu da ɗaukar nauyin marayu da na mai jinya. Wanda aka tono kuwa sai abin da hukuma ta ce. Wannan damar ita ce sakayyar alherinsa da ke hannunka. In ya ƙi karɓa, ka fita.

Kada ka jira ƙarshen wata kafin ka bi ta ƙofar maƙwabcinka. Ka zauna a bencin nan ka faɗa masa da bakinka. Wataƙila ya kore ka, yana da haƙƙi. Amma zai kwana da sanin cewa ba shi kaɗai ya san gaskiyarsa ba.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba. Ka karɓo littattafan nan duka daga garejin da ka rarraba su, yau. Ka tambayi kowane bakanike wace motar haya ko ta lodi ya ɗaura wa lamba uku a 'yan watannin nan, a kira su a sauya, ko da daga kantarka ne. Irin wannan kaya kuma, in ba za ka iya daina ajiye shi ba, to kada ya sake fita shagonka zuwa motar da ke ɗaukar mutane.

Ba zan ce maka kasuwa za ta tafa maka ba. Gareji da yawa za su ɗauke ƙafa, shugaban layinku zai daina tambayar lafiyar iyali, gidanka zai yi sanyi na wani lokaci, mai yiwuwa mai tsawo. Ƙila masu mota su fara zuwa da kansu wurin mai shagon da ya ƙi yin ƙarya, ƙila kuma ba za su zo ba. Ban san wannan ba. Abin da na sani, asararka tana da iyaka kuma kana da ƙafa biyu da za ka sake nema. Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya ba mai jinya lafiya, ya jiƙan wadda ta rasu, ya raya abin da ta bari, ya kuma daidaita tsakaninka da iyalinka.

Ku kuma masu karatu da kuka gama jinjina kai, ku riƙa biyan bakanike kuɗin guminsa ba tare da ƙwauro ba, ku ce a ware muku kuɗin aiki daban, na kaya daban, a buɗe kwalin a gabanku. Motar da za ta mayar da ku gida yau ma an gyara mata birki a wani wuri, kuma na tabbata akwai rasit. Wa ya rubuta shi?

Kawu